Kurakuran da aka fi tafkawa wajen fassara hasashen bokayen Westeros

Na gaji. Duk bayan 'yan watanni sai wani yaro ya gama littafi na biyu a jerin A Song of Ice and Fire, labarin rikicin sarauta a ƙagaggiyar nahiyar Westeros, ya iso majalisarmu ta teburin mai shayi a Unguwar Rogo, ko zama bai gama yi ba ya fara rantsuwa wai ya gano gwarzon da aka yi alkawarin zuwansa. Kuskuren da ya zo da shi kuwa shi ne wanda na wancan watan ya zo da shi, shi ne kuma wanda ni kaina na tafka shekarun baya. Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Wanda bai karanta littattafai biyar ɗin da George R. R. Martin ya fitar daga 1996 zuwa 2011 ba, ya sani zan fasa ƙwai. Kafin kuma wani ya ɗaga mini yatsa: gaibu sai Allah, ƙagaggen labari muke magana a kai, bokayensa na takarda ne.

Babban kuskure, uban sauran duka, shi ne haɗa abin da boka ya gani da abin da boka ya faɗa. Wannan ne ya kayar da ni.

Melisandre, bokanyar nan mai jajayen kaya da ke duba a cikin wuta, ta ce Stannis Baratheon, ɗaya daga cikin masu neman sarauta, shi ne Azor Ahai da aka sake haifa, wato gwarzon nan na alkawari, ni kuma na hau na zauna. Hujjata a lokacin ita ce matar ba ta cika faɗin abu ya faɗi ƙasa ba. An jefa matsattsaku uku a wuta, an ambaci sarakuna uku, Robb da Balon da Joffrey, duka kuma suka mutu. Wa zai yi musu da wannan? Shekara kusan uku ina kare Stannis a majalisa har aka laƙaba mini Wazirin Stannis. Akwai abokina tun na firamare da yake ta ce mini, "Waziri, takobin mutumin naka fa haske kawai yake yi, babu zafi." Gaskiya ya faɗa. Yana nan a littafi na uku: tsoho Aemon, makaho, ya sa Sam ya kwatanta masa takobin, shi ne ya lura ko ɗumi bai ji daga gare shi ba. Makaho ya gane, ni mai ido biyu na tsallake shafin saboda bai yi mini daɗi ba. Musu ya yi zafi wata rana har na gaya wa abokin nan maganar da ba ta dace ba a gaban mutane. Wata uku ba ma gaisawa, a kan sarkin da babu shi a duniya.

Sai ga watan Yunin 2015, ana saura kwanaki a ɗauki azumi, ruwa na zuba irin na Jos, na karɓo ƙarshen zango na biyar na fim ɗin da HBO ta yi daga littattafan a wajen masu tura fina-finai a waya. A gabana Stannis ya bari aka ƙona 'yarsa Shireen, a kashi na gaba rundunarsa ta watse, bokanyar ta hau doki ta bar shi. Washegari ni na biya kuɗin shayi da ƙwai na majalisa kaf, ba wanda ya tilasta mini, kunya ce kawai. Sunan Waziri kuwa har yau bai bar ni ba.

Da na koma na sake karatu a tsanake, sai na ga Martin bai ɓoye komai ba. A littafi na biyu, Melisandre ta hango Renly, ƙanen Stannis mai takarar sarauta da shi, cikin koren sulke yana tarwatsa rundunar Stannis a gindin ganuwar King's Landing. Don gudun haka aka kashe Renly. Me ya faru? Gidan Tyrell da ke bayan Renly suka koma wajen Lannister, Garlan Tyrell ya sa sulken mamacin a yaƙin Blackwater, rundunar Stannis ta tarwatse daidai inda aka hango. Idon matar bai yi ƙarya ba, sulke ta gani, ita ce ta saka mutum a ciki. A littafi na biyar ta hango yarinya cikin tufafi ruwan toka a kan doki mai shirin mutuwa, ta ce wa Jon Snow ƙanwarsa Arya ce. Da yarinyar ta iso, Alys Karstark ce ta gudo wa auren dole. Mafi muni, a babin da aka shigar da mu cikin kanta, ta hango hasumiyoyi a bakin teku ruwa na cinye su, aka tambaye ta ina ne, ta ce Eastwatch, alhali a ranta ta san ba su yi kama da na can ba. Boka ba ya son a ji "ban sani ba" a bakinsa, kasuwarsa ce za ta mutu. Sarakunan nan uku ma, makircin kashe Robb da na Joffrey mutane ne suka ƙulla da hannunsu, gidan Frey da Bolton a can, tsohuwa Olenna da Littlefinger a nan. A ganina hango mutuwar ta yi, ta yi sauri ta ƙona matsattsaku don a ce aikinta ne.

Maganin da na samar wa kaina ba shi da wani armashi. Littafin rubutu na 'yan makaranta na saya a Terminus, kowane shafi na raba shi gida uku da jan biro. Gidan farko, abin da aka gani tsagwaronsa: koren sulke, doki, yarinya. Na biyu, wanda ya fassara da abin da ya ce. Na uku, abin da zai ci in aka yarda da shi. Gidan farko kaɗai nake ba amana. Wasu a majalisa suna dariya wai na mai da nishaɗi jarrabawa. Su yi ta yi, tun daga lokacin ban sake sayen ƙwai ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar hoto a matsayin zahiri. Jojen Reed ya yi mafarki teku ta zo Winterfell, fadar gidan Stark, ta haura ganuwa, ga gawawwaki na yawo a tsakar gida. Winterfell kuwa nesa take da teku, kamar a ce maka gobe teku za ta cinye Jos, garin da ke zaune sama da mita 1,200 a kan tsauni. Wani mai gadi da aka ambata cikin mamatan, Alebelly, ya daina wanka gaba ɗaya don tsoron nutsewa, sai da wari ya ishi abokan aikinsa suka kama shi suka wanke da ƙarfi. Tekun ta zo, amma da ƙafafu ta zo: Theon Greyjoy ne da mayaƙan tsibiran ƙarfe suka haura ganuwar da dare, mai gudun wankan kuma ya mutu a bakin aikinsa. In ka ga teku ko kerkeci ko zaki a mafarkin littafin nan, fara duba tutar gidajen sarauta tukuna.

Ku kuma masu yin akasin haka, ku ne kuka fi ba ni haushi. Kowace kalma sai kun tono mata ma'ana bakwai. Tsohuwar nan ta High Heart ta yi mafarkin budurwa ta kashe ƙaton basamude a fadar da aka gina da dusar ƙanƙara, kuka cika mana kunne da yaƙe-yaƙen da za a yi. A ƙarshen littafi na uku dai Sansa ta gina Winterfell ta wasa da dusar ƙanƙara, yaro Robert Arryn ya zo da 'yar tsanarsa yana cewa basamude ce yana rushe ginin, Sansa ta fizge ta kan ya cire. Ta yiwu akwai wata cikar a gaba, ban hana ba. Amma wani lokacin hasashe a tsakar gida yake cika, wajen wasan yara, kuna can kuna leƙen filin daga.

Sai maganar harshe, wadda ita ma ta taɓa kunyata ni, a gida wannan karon. Cersei tana 'yar shekara 10 ta je wajen bokanya Maggy, aka faɗa mata za ta auri sarki, za ta haifi 'ya'ya uku masu kambin zinariya da likkafanin zinariya, wata sarauniya da ta fi ta ƙuruciya da kyau za ta ture ta, daga ƙarshe valonqar zai shaƙe ta. Kalmar a tsohon harshen Valyria ƙane take nufi. Cersei ta ɗora wa Tyrion, wadan ƙanenta da ta tsana tun yana jariri, ni ma na bi ta a baya kamar raƙumi da akala. Ina ba ƙanwata labarin wata rana a Rikkos, tana goye da ɗaya daga cikin tagwayenta, ta ce, "Yaya, ba ka ce ita da Jaime tagwaye ba ne? Wa ya riga fitowa?" Na ce Cersei. Ta ce, "To ai ita ce Hassana, shi ne Husaini. Husaini ba ƙane ba ne?" Matar da ko shafi ɗaya ba ta karanta ba! Littafin ya faɗa ƙarara cewa Jaime ya biyo ta ne riƙe da ƙafarta. Ban ce lallai shi ne zai shaƙe ta ba, cewa nake ƙannenta biyu ne, ita kuma ɗaya take gadi. Haka kalmar da aka fassara da yarima a hasashen gwarzon alkawari: Aemon, dab da rasuwarsa yana da shekara 102, ya ce dodannin wuta ba su da tsayayyen jinsi, harshe ne ya ɓatar da masana, don haka Daenerys, sarauniya mai dodannin wuta, yake gani. Shi ma ku sa shi a gida na biyu na littafin rubutun, jininsa ce, Targaryen ne. Duk kalmar da Martin ya bari a baƙon harshe, ni zagaye ta nake yi da biro, don da gangan ya bar ta.

Wani abin da ake mantawa game da Cersei: tsoron hasashen ne ke tuƙa ta zuwa gare shi. Don ta karya Margaery, matar ɗanta Tommen, wadda take zaton ita ce sarauniyar, ta ƙulla mata sharri a wajen malaman addinin da ita da kanta ta yarje wa ɗaukar makami, su kuma suka juyo suka tsare ta, aka zagaya da ita gari a wulaƙance. Idan mutum ya ji hasashe a kansa, ka bi sawunsa ka ga abin da tsoro zai sa shi yi.

Sauran ƙanana ne. Kada ku ɗauka kowane hasashe sai ya cika: tsofaffin matan Dothraki sun yi busharar ɗan da Daenerys ke ɗauke da shi zai zama ingarman da zai hau duniya, yaron bai zo da rai ba. Maganar da bokanya Mirri Maz Duur ta yi wa Daenerys ta fitowar rana daga yamma baƙar magana ce ta mai jin haushi, irin ta "sai kaza ta yi haƙori", ku daina lissafa ta kamar jadawali. Jar tauraruwa mai wutsiya ta littafi na biyu kuwa kowa nasa ya gani a ciki: fadawan King's Landing suka ce ta Joffrey ce, Theon ya ce tasa ce, tsohuwa Nan ta ce dodannin wuta ne, ita ce kuma ta fi kusa da gaskiya ko da yake ba mai sauraronta.

Na ƙarshe, don Allah ku daina kawo hujjar fim a musun littafi. Fim ɗin HBO ya fara a 2011 ya ƙare a 2019, zango takwas, kashi 73, ya kuma wuce inda littattafan suka tsaya. Maganar valonqar ko ambatonta ba a yi ba a wajen bokanyar a fim, gini ne ya rufta wa Cersei da Jaime. A littafi 'ya'yan Cersei, Tommen da Myrcella, suna raye, Shireen tana raye, Stannis ma yana raye cikin dusar ƙanƙara a hanyar Winterfell. Ranar da na tuna wa majalisa wannan, abokin nan nawa ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Waziri, kada dai ka ce za ka koma." Na ce masa littafi na shida nake jira, kamar kowa. Ya ce wa mai shayi ya fara ajiye ƙwai.