Yadda ake bayar da hayar fili don kiwon shanu a jahar Tawa ta Nijar ba tare da ɗaukar alhakin da ba naka ba

A ƙasar Adar, daga Illela zuwa Buza da Keita, ana yawan ganin mai fili ya karɓi ƴan jikkuna daga hannun makiyayi domin shanu su ci ciyawa ko kara a filinsa, a gama magana da baki, sai ranar da saniya ta faɗa gonar maƙwabci a fara tambayar wanda zai biya. Wannan tambaya ce ya kamata a amsa tun kafin garke ya shigo.

Da farko ka tabbatar filin naka ne da za ka iya bayarwa haya. Dokar 61-05 ta shekarar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayun 2010 ta tabbatar da ita: abin da ke arewa da iyakar, wajen Abalak da Cintabaraden, yankin kiwo ne na kowa, ba mallakar mutum ɗaya ba. Ko a kudu ma, burtali da mashaya da hurumin kiwo na gari ba sa hayuwa. Wanda ya karɓi kuɗi a kan irin wannan wuri ya sayar da abin da bai mallaka ba, kuma idan rigima ta tashi shi za a fara tuhuma.

Idan filin naka ne, ku tafi tare da makiyayin wurin kwamitin filaye na gari ko na ƙaramar hukuma, wanda ake kira Kofo, da tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa. A can ake rubuta takardar haya a gaban mai gari da shaidu. Ina ganin wajibi ne ardo ko wani dattijon rugga ya halarta, domin makiyayi ya fi riƙe alkawarin da aka ƙulla a gaban nasa. A rubuta iyakokin filin, da yawan shanu, da ranar shiga da ta fita, da kuɗin haya, da sunan wanda zai tsare garken dare da rana.

Batun tsaro shi ne zuciyar maganar. Ƙa'idar da aka sani ita ce ɓarnar dabba tana kan mai ita ko wanda take hannunsa. Saboda haka idan makiyayi ne ko yaransa ke bin shanun, ɓarnar da suka yi a gonar maƙwabci tasa ce. Amma idan ka yarda a bar maka su, yaronka na kora su mashaya, ko ka yi alkawarin shinge na ƙaya sannan ka bar kafa a buɗe, to ka jawo wa kanka wani kaso na diyya, ko da a ce ba ka da ko maraƙi a garken. A fayyace wanda zai yi shinge da wanda zai gyara shi, a kuma ambaci turke ko garken kwana, domin ɓarnar dare ta fi yawa kuma ta fi zafi a zukatan manoma. A lura da ranar sakin gonaki, wato ranar da ake ba dabbobi damar shiga gonaki bayan girbi, da gwamna ke sanarwa kowace shekara: kafin ranar, amfanin da ke tsaye a maƙwabta yana da cikakkiyar kariya, bayanta kuwa lambunan rani na albasa a fadama su ne abin tsoro.

Akwai kuma alhakin da ke kanka game da shanun su kansu. Ku zagaya filin da ƙafa kafin sa hannu, ka nuna masa tsohuwar rijiya da ba a rufe ba, da bakin kwazazzabo, da wurin da aka yi feshin magani. Ka nuna masa gyauron dawa idan akwai, wato ɗanyen tohon da ke fitowa daga tushen kara bayan girbi, domin yana iya kashe saniya mai yunwa cikin ɗan lokaci. Haɗarin da ka sani ka ɓoye, idan ya kashe dabba, kai za a tambaya. Wanda ka nuna aka rubuta ya koma wuyan mai kiwo. Shi kuma ya nuna shaidar rigakafi, musamman ta ciwon huhu, don kada garkensa ya shafa wa dabbobin gari. A rubuta cewa ba a yarda da sarar rassan gawo ba, tunda itace ne da doka ta kare, kuma ma'aikatan gandun daji sukan fara neman mai fili.

Idan duk da haka ɓarna ta auku, kada a daki dabba ko makiyayi, kada kuma a ɓoye shanu a gida don tilasta biya, domin wannan laifi ne dabam. A kira mai gari da wakilan manoma da na makiyaya su ga wurin tun sawun kofato bai goge ba, a auna ɓarnar, a yi sulhu a rubuta takardarsa. Idan sulhu ya gagara a gaban mai gari da sarki, sai a ɗauki takardar rashin sulhun tare da ta haya a kai gaban alƙali.