Darasi na Tara: Dutsen Kumfa da Wurin Haƙarsa

Ku samo kwano da ruwa, ku jefa tsakuwa a ciki, sannan ku jefa guntun farin dutsen nan mai ƙananan ramuka da ake goge kaushi da shi. Tsakuwar za ta nutse nan take, shi kuwa dutsen, in dai na asali ne, zai tsaya a saman ruwa kamar ɓawon gyaɗa.

Dalilin haka yana cikin yadda ya samu. A can ƙarƙashin dutse mai aman wuta akwai narkakken dutse mai kauri da danƙo, wanda iskar gas da tururin ruwa suke matse a cikinsa. Idan dutsen ya fashe, matsin ya sake, sai narkakken ya tashi da kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, ya kuma daskare a sama tun kumfar ba ta kwanta ba. Don haka fiye da rabin jikinsa iska ce, sauran kuwa gilas ne, wanda kusan kashi 70 cikin 100 nasa sinadarin silika ne, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi. In kun duba da kyau a rana, wani lokaci za ku ga ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira felsfa suna ƙyalli a tsakanin ramukan. Jajaye da baƙaƙen duwatsu masu ramuka da ake gani a tsaunukan Biu danginsa ne, amma sun fi shi ƙarfe da nauyi, shi ya sa yawanci suke nutsewa.

A tsibirin Lipari, arewa da Sisili a ƙasar Italiya, an daɗe ana haƙar wannan dutse a gefen tsaunin Pilato, inda gangaren ya yi fari fat har bakin teku. A lokacin da ake haƙar, akan kankare shi daga jikin tsauni, a busar, a niƙa, a tankaɗe, a ware manya da ƙanana, kana a loda wa jiragen ruwa. Manyan sukan tafi wajen yin bulo marar nauyi da koɗe wandunan jins, garin kuwa a haɗa shi da siminti ko a goge ƙarfe da gilas da shi. Bayan UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsibiran yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, an rufe wuraren haƙar a 2007.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙurar, domin ita ma garin gilas ce, kuma leburorin Lipari da dama sun kamu da ciwon huhu saboda shaƙarta shekara da shekaru. Duk wanda zai fasa ko ya niƙa irin wannan dutse, ya yayyafa masa ruwa tukuna, ya sa takunkumi mai tace ƙura, kada ya dogara da ƙyalle ko bakin rawani.