Kafin a ɗaura wa doki keke

'Yan uwa masu koya wa doki jan keke, don Allah kada ku yi gaggawa. Ku fara daga ƙasa: dogayen igiyoyi a linzami, kuna biye da shi a baya, har ya gane "tafi" da "tsaya" da murya kaɗai, tunda kan keke ba ƙafar da za ta taɓa cikinsa. Sai ya ja tsohuwar taya, ya saba da ƙarar abu a bayansa. In yana zabura, bai shirya ba. Ranar farko da za a ɗaura masa keke, wani ya riƙe kan dokin. Kuma kada a kuskura a cire linzami yana ɗaure da keke. In ya firgita, ba mai iya tsayar da shi.