Yadda za ka koya wa yara kimiyyar motsi da lilo

Malamai 'yan uwa, wannan darasin ba sai da ɗakin gwaji ba, lilon filin wasa ya isa.

Da farko ka tanadi waya mai agogon ƙirga sakan da tef ɗin awo irin na teloli. Ka ja layi a ƙasa, kar kowa ya tsallaka gaban lilon.

Kada ka yi musu bayani tukuna, tambaya kawai za ka jefa: tsakanin mai ƙiba da siriri wa zai fi saurin zuwa da dawowa? Ka bar su su yi ta musu, kowa ya rubuta hasashensa.

Sai a ɗora yaro na farko, a ja lilon baya kaɗan a saki, banda turawa, shi ma ya zauna tsam kar ya riƙa harba ƙafa. A ƙirga zuwa da dawowa sau 10 sannan a raba lokacin gida 10, don in guda ɗaya ka auna wallahi jinkirin yatsanka kawai ya isa ya ɓata lissafin. A sauya yaro a maimaita. Lokacin zai fito kusan ɗaya, nan fa za ka ji hayaniya ta tashi.

Daga nan ku ɗaura dutse a igiya ku rataya a reshen bishiya. Igiya mita 1 tana cin kusan sakan 2 a zuwa da dawowa ɗaya, in ka rage ta zuwa santimita 25 sai ya koma sakan 1. Tsawon igiya ne ke aiki ba nauyi ba, abin da masanin kimiyya Galileo ya gano a Italiya kenan fiye da shekara 400 da suka wuce.

Fomula kam ajiye ta sai sun je sakandare. Yanzu dai su fito su rubuta sakamakonsu a allo, kowa ya kwatanta da hasashensa.