Yadda na ceto tumatirin bayan ɗaki daga ƙunar ganye

Don rage kuɗin famfo, duk ruwan da aka yi aiki da shi a gidanmu nan Maradi, ƴar fadamar bayan ɗaki muke kai wa. Ana shiga bazara sai bakin ganyen tumatir ya fara ƙonewa, yana lanƙwashewa ko da ƙasa na da laima.

Na zaci ƙwari ne, na fesa jiƙon ƙwallon bedi, shiru. Na kafa zana saboda rana, nan ma shiru.

Wani dattijo mai lambu a bakin Gulbi ya duba, ya nuna mini farin ɓawo a saman ƙasar, kamar kanwa. Gishirin sabulun gari ne daga ruwan wanki. Zafi na ƙafar da ruwan, gishirin na taruwa har saiwa ta kasa sha.

Sai na kankare saman ƙasar zurfin yatsa biyu na zubar waje. Na kwarara wa kowane gindi bokiti biyu na ruwan famfo da yamma, a hankali, don gishirin ya nutse ƙasa da saiwa. Na binne tulun ƙasa har wuya tsakanin shuka huɗu don ruwan cikinsa ya riƙa tsattsafowa zuwa saiwa, na rufe bakinsa da tsohon faifai, na baza ɓawon gyaɗa kewaye.

Yanzu ruwan alwala da na wankin gero da kayan miya kaɗai ke shiga tulun. Na wanki ya koma yayyafin tsakar gida. Ganyen da ya ƙone bai farfaɗo ba, amma sabon toho lafiya lau. Baba, Allah ya saka da alheri.