Yadda ake cin moriyar asusun gwaji kafin a zuba kuɗin gaske a kasuwar foreks

Kusan duk dillalin foreks, wato kasuwar saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe ta intanet, yana ba da asusun gwaji kyauta, wanda 'yan kasuwar suke kira demo. Farashin da za ka gani yana motsi a cikinsa na kasuwar gaske ne, kuɗin ne kawai na bogi. Buɗe shi bai kai minti biyar ba: ka sauke MetaTrader 4 ko MetaTrader 5 ko cTrader a waya ko kwamfuta, ka nemi sunan dillalin, ka zaɓi Demo, a ba ka lambar asusu da kalmar sirri. TradingView ma tana da nata. Wahalar ba a buɗewa take ba. Yawancin masu koyo suna saita asusun ne ta yadda ba zai koya musu komai ba, har ya sa musu ɗabi'ar da za ta cinye jarinsu daga baya.

Saita shi daidai da aljihunka

Da yawa daga dillalai suna zuba maka dala 10,000 ko 100,000 tun farko. Kada ka karɓa. In abin da za ka iya sakawa ranar da ka fara da gaske dala 200 ne, to ka rubuta 200 a gurbin kuɗin. In manhajar ba ta yarda ba, duba shafin dillalin, galibi a can ake canzawa. Wanda ya saba rasa dala 500 a ciniki ɗaya ko a jikinsa, hannunsa ya riga ya saba da lot, wato girman ciniki, wanda asusun dala 200 ba zai ɗauka ba.

Haka ma lebarej, wato ninkin da dillali yake ba ka don ka riƙe cinikin da ya fi kuɗinka girma. A Tarayyar Turai, tun 2018 hukumar ESMA mai kula da kasuwannin hada-hadar kuɗi ta ƙayyade shi ga ƙananan 'yan kasuwa: ninki 30 a manyan kuɗaɗen duniya irin su dala da yuro, 20 a zinare, 5 a hannun jari, 2 a kirifto. Dillalan da ke da rajista a wasu tsibirai kuwa suna ba da 500 ko fiye. Zaɓi 30 ko 50 a gwaji. Sannan ka tabbata nau'in asusun gwajin shi ne irin wanda za ka buɗe daga baya, domin wani asusun kwamisho ake cira, wani kuma a tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa dillali yake cin ribarsa.

Lissafin lot

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Lot 1 yana nufin 100,000 na kuɗin farko a ma'aurata, wato kuɗaɗe biyun da ake canjinsu da juna kamar EUR/USD (yuro da dala), 0.1 shi ne 10,000, 0.01 kuma 1,000. A EUR/USD, pip ɗaya, ma'aunin tafiyar farashi, shi ne motsin 0.0001. Darajarsa dala 10 ce a lot 1, dala 1 a 0.1, santi 10 a 0.01. A ma'auratan da ke da yen ta Japan, pip ɗin 0.01 ne. Zinare daban yake: a wurin yawancin dillalai lot 1 oza 100 ne, saboda haka a 0.01 duk motsin dala ɗaya a farashi dala ɗaya ce a aljihunka, kuma zinare kan yi tafiyar dala ashirin ko talatin a wuni ba tare da wani abin mamaki ya faru ba.

Ba daga lot ake fara lissafi ba, daga asarar da ka yarda da ita ake farawa. Kana da dala 200, ka yanke ba za ka rasa fiye da kashi 1 cikin 100 a ciniki ɗaya ba, dala 2 ke nan. Ka duba jadawalin farashi ka ga inda ya dace ka sa iyakar asara, Stop Loss, yana da nisan pip 20. Raba dala 2 gida 20, ka sami santi 10 a kowane pip. Lot ɗinka 0.01 ne. In nisan pip 40 ne, lissafin zai ba ka 0.005, kuma yawancin dillalai ba su karɓar ƙasa da 0.01. Ma'ana wannan cinikin ya fi ƙarfin asusunka: ko ka ƙyale shi, ko ka nemi asusun santi, wanda ake lissafinsa da santi maimakon dala. Abin da bai kamata ba shi ne matso da iyakar asara kusa don lissafi ya yi daidai, farashi zai taɓa ta ya wuce inda ka hango.

Akwai gwaji ɗaya da ya kamata kowa ya yi da gangan. Buɗe asusun demo na biyu mai dala 200 da ninki 500, ka sayi 0.5 na EUR/USD. In farashi 1.1000 ne, dillali zai riƙe dala 110 a matsayin jingina, kowane pip kuma dala 5 ne. Zuba ido a kan layin Margin Level, wanda yake nuna abin da ya rage maka kashi nawa ne na jinginar. In dillalin yana rufe ciniki da kansa a kashi 50, kafin farashi ya juya maka baya da pip 30 an rufe, abin da ya rage bai wuce dala 55 ba. Pip 30 kuwa tafiyar sa'a ɗaya ce a rana mai hada-hada. Gara ka ga wannan da idonka a kuɗin bogi.

Abubuwan da hannu zai saba da su

Yi kowane irin umarni sau da yawa har sai ka daina tunani kafin ka danna: saye da sayarwa nan take, umarnin jira irin su Buy Limit da Sell Stop waɗanda ba sa aiki sai farashi ya kai inda ka sa, gyara iyakar asara bayan ciniki ya buɗe, rufe rabin ciniki a bar rabi.

Kunna layin Ask, wato farashin saye, a jadawali. Abin da MetaTrader take nunawa tun asali farashin Bid ne, wato na sayarwa, amma cinikin sayarwa a farashin Ask yake rufewa. Shi ya sa mutum zai ga an fitar da shi alhali kyandir, wato zanen farashi a jadawali, bai kai layin iyakar asararsa ba, ya fara zargin an cuce shi, bayan tazarar da ke tsakanin farashin biyu ce ta buɗe.

Gwada kashe data ana tsakiyar ciniki. Stop Loss da Take Profit, wato iyakar riba, suna zaune a sabar dillali, ko wayarka ta mutu za su yi aiki. Trailing Stop na MetaTrader kuwa, wato iyakar asara mai bin farashi, a kwamfutarka yake aiki, da an ɗauke wuta ko intanet ta yanke ya daina bin farashi. Ga mai zaune inda wuta da sabis ba su da tabbas, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Bar ciniki ɗaya ya kwana, ka duba gurbin Swap da safe. Kuɗin kwana ne da ake cira ko a ƙara bisa bambancin kuɗin ruwa na ƙasashen biyu, a daren Laraba kuma na kwana uku ake lissafawa. Akwai asusun da ba a cirar sa, wanda dillalai suke kira na Musulunci, sai dai wasu suna maye gurbinsa da wani cajin bayan 'yan kwanaki. Rashin Swap ɗin kuma bai rufe maganar halacci ba: Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 2006 cewa ciniki da bashin dillali a wannan tsarin bai halatta ba. Wanda abin ya dama ya zauna da malamin da ya san harkar kafin ya wuce matakin gwaji.

Abin da demo yake ɓoyewa

A gwaji umarninka ba ya zuwa kasuwa, don haka sau da yawa ana cika shi a daidai farashin da ka nema. A asusun gaske farashi yana zamewa. Lokacin da ya fi faruwa shi ne fitar manyan alƙaluma, kamar rahoton ayyukan yi na Amurka da galibi ake fitarwa Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 1:30 na rana agogon Najeriya da Nijar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, 2:30 a sauran watanni. Sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare lokacin da New York take rufewa, da daren Lahadi lokacin buɗe kasuwa, inda farashi kan yi tsalle ya haye iyakar asararka. A ranar 15 ga Janairu 2015, da babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya sa tsakanin yuro da faran ɗinsa, an rufe wa mutane ciniki nesa ƙwarai da inda suka sa, wasu suka wayi gari dillali yana bin su bashi.

Na biyu shi ne zuciya. Asarar kuɗin bogi ba ta hana barci, ba ta sa ka ninka lot don ramuwa. Babu saitin da zai gyara wannan, amma za ka iya rage shi: in asusun ya ƙare, kada ka danna a sake cika shi nan take. Zauna ka bi cinikin ɗaya bayan ɗaya ka gano inda ya karye.

Sauƙin demo shi ne kuma abin da 'yan damfara suke amfani da shi. Hotunan ribar dubban daloli da ake yaɗawa a Telegram da WhatsApp, da yawansu daga asusun gwaji aka ɗauko su. In wani ya nuna maka, nemi ganin sunan sabar da shafin asusun, a nan ake rubuta Demo ko Real.

Yaushe za a tashi daga gwaji

Riba ta mako biyu ba hujja ba ce. Zaɓi ma'aurata ɗaya ko biyu, tsari ɗaya rubutacce, ka yi ciniki kamar 100 ba tare da sauya doka ba, abin da zai ɗauki wata biyu zuwa uku. Kowanne ka rubuta lokaci, dalilin shiga, nisan iyakar asara, lot da sakamako. Wasu dillalai suna rufe demo bayan kwana 30, saboda haka riƙa sauke tarihin cinikin duk ƙarshen mako.

Daga littafin nan ka fitar da abu uku: sau nawa ka ci, girman riba idan aka gwada da girman asara, da asara mafi tsawo a jere. Wanda ya ci 40 cikin 100, ribarsa kuma ninki biyu ce ta asararsa, yana gaba da ninki 20 na abin da yake sa wa a kasada a ciniki ɗaya, kafin a cire caji. Amma shi ɗin zai iya faɗuwa sau bakwai ko takwas a jere, kuma wannan ba alamar tsarin ya lalace ba ne. A kashi 1 cikin 100, faɗuwa takwas ba ta kai kashi 8 na jari ba. A kashi 10, fiye da rabi ya tafi, abin da ya rage kuma ko ya ninka kansa bai dawo inda aka fara ba.

In alƙaluman sun yi kyau, duba lambar lasisin dillalin a shafin hukumar da ya ce tana kula da shi, FCA ta Birtaniya ko ASIC ta Ostareliya ko CySEC ta Saifurus, ka karanta gargaɗin da dillalan Turai suke maƙalawa game da yawan masu asara. Binciken ESMA ya nuna kashi 74 zuwa 89 na ƙananan asusun CFD, wato ciniki a kan motsin farashi ba tare da mallakar kayan ba, asara suke yi. Fara da 0.01 da kuɗin da rashinsu ba zai taɓa cefane ko kuɗin makaranta ba, ka gwada cire wani abu a makon farko don ka ga kwana nawa yake ɗauka da nawa ake yanka. Asusun gwajin kuma ka bar shi a buɗe, duk sabon tsari a can zai fara.