Kafin ka kai fatarka gaban likita a Amurka

Sanyin farko da muka yi a Bronx, a birnin New York, fatar ƙaramar 'yata ce ta fara kokawa. Hunturun gida mun san maganinsa, a shafa man kaɗanya ko basilin a kwana lafiya. Na nan kuwa ta gaba da baya yake cin mutum: iska mai yanka a waje, a ɗaki kuma hita tana tsotse ɗan danshin da ya rage a jiki. Bayan gwiwoyin yarinyar da lanƙwasar hannuwanta suka yi kaushi, suka yi duhu kamar an barbaɗa toka, cikin dare tana susa har mu tashi mu ga ɗigon jini a zanin gado. Wata maƙwabciya ta ba mu man shafawa da ta sayo a shagon kayan Afirka. Ya kwantar da abin na 'yan kwanaki, muna dainawa ya dawo fiye da da.

Ganin haka na shiga wani wuri da na ga an rubuta maganin fata a allonsa. Na miƙa katin inshora, matar da ke kan tebur ta duba ta ce suna karɓa. Bayan kamar wata guda takarda ta iso gida, ana bina ɗaruruwan daloli. Katin kamfanin suna karɓa kam, amma ba su cikin jerin likitocin da tsarina ya yi yarjejeniya da su. Tambaya ɗaya ce ban iya yi ba, ita ta jawo mini wannan asarar, shi ya sa nake so wanda ya zo bayana ya iya ta tun kafin ya buƙace ta.

Fara da katin da ke aljihunka. A jikinsa za ka ga sunan kamfani, sunan tsarin da kake kai, lambarka, sau da yawa kuma da wasu haruffa uku. In HMO ne, yawanci ba za ka tafi wurin likitan fata kai tsaye ba, sai likitanka na yau da kullum ya duba ka ya tura ka. Wannan turawar ita suke kira "referral", kuma in babu ita kamfanin yana iya ƙin biya ko da likitan nasu ne. In PPO ne kana iya zuwa da kanka, har wurin wanda ba ya cikin jerinsu, sai dai kuɗin da zai fita daga aljihunka ya fi yawa. Masu Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, su kula da kyau: a yawancin jihohi, har da New York, wani kamfani ne ke tafiyar maka da ita, saboda haka cewa "Medicaid gare ni" bai isa ba, sai ka faɗi sunan kamfanin da ke kan katin.

Kada ka tambayi ofishin likita ko suna karɓar inshorarka, domin kusan kowa zai ce maka e. Tambayi ko wannan likitan, da sunansa, yana "in-network" da wannan tsarin, wato yana cikin jerin likitocinsa, ka karanta musu sunan tsarin gaba ɗaya yadda yake a kati. In sun amsa, ka juya katin ka kira lambar da ke bayansa ka maimaita tambayar, ka haɗa da adireshin ofishin, don likita ɗaya yakan zauna a wurare biyu kuma yarjejeniyar ta shafi ɗaya kawai. Rubuta ranar da ka kira, da sunan wanda ya amsa, ka roƙi lambar shaidar kiran. Wannan ɗan rubutun yana da nauyi. Tun daga 2022 dokar tarayya ta ce in kamfanin inshora ya shaida maka likita yana cikin jerinsu alhali ba ya ciki, ba za a caje ka fiye da abin da za ka biya a wurin na cikin jeri ba. Amma sai ka iya nuna cewa an gaya maka.

Tun kana kan layin, tambayi nawa ne "copay" na ganin ƙwararre, wato kuɗin da kake ajiyewa a kan tebur kowane zuwa, da kuma nawa ya rage maka a "deductible", adadin da kai za ka fara biya a shekara kafin kamfani ya sa hannu. Sannan akwai wani rami da ya keɓanta da asibitin fata. Likita yakan yanki ɗan guntun fata ya aika ɗakin gwaji, ɗakin gwajin kuma kasuwancinsa daban, takardar kuɗinsa daban. Kafin a sa maka wuƙa ka ce a aika wa wanda inshorarka ta sani. Haka nan duk abin da kamfani ya ɗauka gyaran kwalliya ne, kamar cire ƙananan tsiron fata na wuya ko goge tabo, galibi ba ya biya. Ka sa a faɗa maka farashi kafin a taɓa ka.

Sai maganar ko wane ne zai duba ka. A ƙasar nan farar riga ba ta nuna komai, kowa yana sa ta. Cikakken likitan fata ya yi shekara 4 a jami'a, 4 a makarantar likitanci, shekara 1 ta horon farko a asibiti, sannan shekara 3 yana koyon fata, gashi da farce kaɗai. Bayan nan ya zauna jarrabawar American Board of Dermatology, ko takwararta ta likitocin da ke ɗauke da haruffan DO, wani nau'in digirin likitanci. Wanda ya ci shi ake kira "board-certified", kuma ka lura a wane fanni, don likita yana iya samun wannan shaidar a wani fannin daban ya zo ya buɗe wurin gyaran fata, doka ba ta hana shi ba. Dubawa kyauta ce kuma ba ta cin minti biyar: ka sa sunansa a shafin Certification Matters. In ka ga FAAD a bayan sunansa, alama ce mai kyau, ɗan ƙungiyar American Academy of Dermatology ne, kuma a shafinsu akwai wurin neman likita da lambar unguwarka. Lasisi kuwa jiha ce ke bayarwa. Shafin DocInfo yana nuna jihohin da likita ke da lasisi da kuma ko wata hukuma ta taɓa hukunta shi.

Sau da yawa za a ce maka likita ba shi da wuri sai nan da wata biyu ko uku, amma akwai PA ko NP gobe. Waɗannan ma'aikatan lafiya ne masu lasisi amma ba cikakkun likitoci ba, da yawansu sun san aikinsu, kuma don kurajen fuska ko sabunta magani ba na ganin laifin zuwa wurinsu. Amma ciwon da ya ƙi jin magani, ko wanda ba a san kansa ba, ni dai likitan nake jira, in kuma roƙi a sa ni a jerin waɗanda ake kira in wani ya fasa zuwa. Masu gyaran fuska na shagunan kwalliya kuwa ba masu gano cuta ba ne ko kaɗan, komai kyawun wurinsu.

Akwai abin da takardar shaida ba ta nunawa, kuma a wurinmu shi ne babba: ko idonsa ya saba da baƙar fata. Yawancin hotunan da aka daɗe ana koyarwa da su na farar fata ne, inda kumburi yake fitowa ja. A jikinmu yakan fito ruwan toka, ko shunayya, ko ya ƙara duhu kawai, kamar yadda ya yi wa 'yata. Ga kurajen aski a haɓa da ƙeya, ga tabon da ke tasowa ya yi tudu bayan hujin kunne, ga zubewar gashin goshi saboda matsattsen kitso, ga baƙin tabo da ƙurji ke bari wata da watanni bayan ya warke. Ƙungiyar Skin of Color Society, wadda Dakta Susan Taylor ta kafa a 2004, tana da jerin likitocin da suka mai da hankali kan irin fatarmu. Ɗauki suna daga nan, ka bi shi da waɗancan kira biyu na inshora. Ba dole likitan ya zama baƙi ba. Wadda ta warkar mana da yarinya ba baƙa ba ce, amma tana ɗaga hannun ta gane abin da take gani.

Ranar zuwa, tattara duk abin da kake shafawa a leda ka tafi da shi, har wanda kake jin kunyarsa. Wannan na faɗa da babbar murya, ga maza da mata. Da yawa daga mayukan da muke saye a shagunanmu, na kyasbi da na hasken fata, suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin su clobetasol ko betamethasone, waɗanda ke sa fata ta yi siriri, su ɓoye makero har ya bazu ya canza kama. Wasu kuma suna da hydroquinone, wanda tun 2020 aka hana sayar da shi a Amurka sai da takardar likita. Man da maƙwabciyarmu ta ba mu da kyakkyawar niyya, likitar na juya kwalin ta nuna mini clobetasol a rubuce. In ka ɓoye, za ta yi ta maganin abin da ba shi ba ne.

In Turanci bai zauna maka ba, ka ce kana son tafinta na Hausa tun lokacin da kake karɓar rana. Asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar maka kyauta, yawanci ta waya ko bidiyo. Kada ka ɗora wa ɗanka fassara ciwon da ke wurin da ba ka so ya ji. 'Yar'uwar da take son mace ce ta duba ta, ita ma ta faɗa tun a waya, ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Wanda ba shi da inshora kuma ƙofa ba ta rufe ba. Cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa suna rage kuɗi daidai da samun mutum. A birnin New York akwai NYC Care, shirin kula da lafiyar marasa inshora, wanda aka fara a nan Bronx a 2019, ba ya duba matsayin takardun zama, kuma ta hanyarsa ana kai mutum ga ƙwararru a asibitocin birni. In da kuɗinka za ka biya, kana da haƙƙin a ba ka ƙiyasin farashi a rubuce kafin zuwa, "Good Faith Estimate". In takardar ƙarshe ta zarce shi da dala 400 ko fiye, kana da kwana 120 ka ƙalubalance ta.

Duk wannan bin diddigin na ciwon da zai iya jira ne. Kuraje da suka bazu farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko fata na saluɓewa, ko leɓe da harshe suka kumbura bayan shan sabon magani, wannan ɗakin gaggawa ne a daren nan. Baƙin tabo kuma da ya fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, yana girma ko yana canza siffa, kada a ce baƙar fata ba ta kamuwa da sankara. Irin wadda ta kashe Bob Marley a 1981 ke nan, daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa ta fara. In ka kira ofishin likita kan irin wannan, ka ce musu tabo ne mai canzawa, ka nemi likitanka na yau da kullum ya kira su da kansa, domin kiran likita ga likita yakan samo wurin da aka ce maka babu.